Filin Tambayi Hajiya: In Sa Sunana a Kan Kayan Sin In Kai Amazon?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa, domin duk abu ɗaya suke kewaya: mutum ya sa a yi masa kaya, ya manna musu sunansa da tambarinsa, ya baje su a kasuwar intanet. Na rage tsawon wasiƙun, amma ban sauya maganar masu su ba.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki, ya zafin Garwa? Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina Domayo a nan Marwa. Shekara huɗu ke nan ina haya da moto. Na yi ɗan tari, in na sayar da moton na haɗa zai kai sefa 800,000. Na daɗe ina kallon wasu a TikTok da YouTube suna nuna yadda ake sayen kaya a Alibaba, kasuwar intanet ta masana'antun Sin, masana'anta ta buga sunanka a jiki, a aika ma'ajiyar Amazon a Amurka, kana kwance a gida kuɗi na shigowa. Ɗaya daga cikinsu ya ce in biya 150,000 ya koya mini cikin mako biyu. Goran ruwa na ƙarfe mai riƙe sanyi nake son yi. Mahaifina bai sani ba tukuna. In shiga? Ɗanki ne, daga Marwa.

AMSA: Ɗana, lafiya lau, zafi kuwa sai godiya. Kada ka sayar da moton nan. Da shi na fara don ko gajiya ta hana ka karanta sauran, wannan dai ya shiga kunnenka.

Sana'ar da suke faɗa ba ƙarya ba ce, akwai ta, akwai kuma masu ci da ita. Ba ma baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kai yadi wurin tela ya ce a ɗinka masa riguna hamsin iri ɗaya, ya ɗauka ya kai kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ya riga ya yi rabinta. Abin da ya ƙaru shi ne suna a jikin kaya, da kasuwar da ba ta da rumfa. Tun 2006 Amazon ta fito da tsarin da ake ce wa FBA: ka aika kayanka ma'ajiyarta, ita ke adanawa, ita ke ɗaurewa, ita ke kai wa mai saye, ita ke karɓar wanda aka maido. Kwanciyar da ake kwaɗaita maka ke nan. Sai dai kowace hidima a cikinsu da kuɗinta, kuma a jikin cinikinka ake yanka kafin ko sisi ya iso hannunka.

Ɗauko takarda mu yi lissafi tare. A ƙaddara dalar Amurka tana sefa 600 don sauƙi, a ƙaddara kuma kana sayar da gora ɗaya dala 20. Amazon na ɗaukar la'adarta, wadda ga yawancin kayan gida kashi 15 ce cikin ɗari, wato dala 3. Kuɗin ɗauri da kaiwa ya danganta da girma da nauyi, mu sa wa gora dala 5. Saura 12. A ce masana'anta ta ba ka shi dala 4, jirgi da harajin shiga Amurka suka ci 2, alhali harajin da Amurka ke ɗora wa kayan Sin yana ta hawa da sauka tun 2018. Saura 6. To ga abin da ba a cika nunawa a bidiyo ba: sabon kaya ba wanda ke ganinsa. Goranka na can ƙasa, dubban goruna sun danne shi, sai ka biya talla, kuma duk wanda ya latsa hoton ka biya, ya saya ko bai saya ba. A ce talla ta ci dala 4 a kan kowane gora. Saura dala 2, sefa 1,200. A cikin wannan ne za ka biya dala 39.99 ta kowane wata ta asusun manyan 'yan kasuwa, da kuɗin ajiya wanda ke tsada daga Oktoba zuwa Disamba, da asarar wanda aka maido a lotse.

Masana'anta kuma ba ta buga suna a kan gora goma. Kowace tana da mafi ƙarancin adadin da take karɓa. In ta ce 500, ka ninka da dala 6 ta saye da jigila, dala 3,000 ke nan, sefa 1,800,000. Kuɗinka duka har da na moton bai kai rabi ba, ba a ma zo maganar talla ba. Ga jira: wajen wata guda ana ƙerawa, wani watan ko fiye kaya na kan teku, Amazon kuma sai bayan mako biyu-biyu take sakin kuɗi. Kafin kashin farko ya ƙare dole ka biya na biyu, in ba haka ba shafinka ya wofinta, ka koma ƙasa inda ka faro. In ka yi rashin sa'a odarka ta faɗa cikin bikin sabuwar shekarar Sinawa, a Janairu ko Fabrairu, masana'antu na rufe makonni. Wa zai ciyar da kai a wannan tsakanin, tun da moto ya tafi?

Buɗe asusun kansa aiki ne. Suna neman fasfo ko katin shaida, da takardar banki mai ɗauke da sunanka da adireshinka daidai da na katin, da katin banki mai aiki a ƙasashen waje, sau da yawa har su kira ka ta bidiyo su ga fuskarka. Mu da ake kwatanta gidajenmu da "bayan masallaci, gidan da ke da darbejiya", wannan adireshi kaɗai kan riƙe mutum makonni. Za ka samu masu cewa su sayar maka da tsohon asusu, ko su sayo maka yabon ƙarya daga mutanen da ba su taɓa riƙe goranka ba. Ka guje su. A 2021 Amazon ta kori kimanin tambura 600 na 'yan kasuwar Sin saboda irin wannan yabo, manyan kamfanoni masu jarin da ni da kai ba mu taɓa ƙirgawa ba. Sunan kuma in kana so ya zama naka a Amurka, can za ka yi masa rajista. Tun Janairun 2025 kuɗin shigar da takarda dala 350 ne ga kowane rukunin kaya, kuma wanda ba mazaunin ƙasar ba dole ya bi ta hannun lauyan can. Bayan duk wannan, ba abin da zai hana masana'antar da ta ƙera maka goran ta sayar da irinsa da rahusa, a shafi ɗaya da kai.

Mai koyarwar nan ban san shi ba, ba zan ce masa maƙaryaci ba. Ka dai roƙe shi ya nuna maka ribar da ta rage bayan an cire komai, domin hoton da suke yawan nunawa na jimillar ciniki ne, ciniki kuwa ba riba ba ne. Amazon da kanta tana da darussa kyauta da ta kira Seller University. Ka ƙare su tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu bari in gaya maka abin da na koya da kuɗina. A 2016 na fara sa sunana a kan man kaɗe. Ba ni ke yin man ba, wasu mata ne a wani ƙauye kan hanyar Poli, ni dai na saya, na tace, na zuba a robobi 60, na kai wani mai buga takardu ya yi mini etiket mai kyau, kore da ruwan zinariya. Kwana uku na yi ina zaɓen sunan. Wata mai shago a unguwar Hausawa ta Yawunde ta ce a aiko mata duka. Cikin Afrilu ne, ka san Garwa a Afrilu, zafi ya haura 40, na kai ajans aka ɗora kwalin a saman mota. Washegari da dare hoto ya shigo wayata. Kwalin ya jiƙe sharkaf ya yi baƙi, man ya narke ya biyo ta ƙarƙashin murfi, takardun sun sha mai har ana hango robar ta cikinsu, tawada ta zubo kamar kwalli a fuskar mai kuka. Sunan ya goge. Abin da ya rage ana karantawa raɗau shi ne lambar wayata a ƙasa. Na daɗe ina kallon lambar nan. Ba wanda zai kira matan ƙauye, ba wanda zai kira direba ko mai buga takarda. Ni na ce wa duniya kayana ne, don haka ni aka kira. Na maida wa matar kuɗinta cif, na nemo roba mai murfin murɗawa da wani siririn rufi a ciki, na koma etiket na leda wanda mai ba ya ratsawa, na daina cika roba har baki, lokacin bazara kuma sai in kai kaya Ngaundere su bi jirgin ƙasa na dare. Matar nan har yau tana saye a wurina.

Shi ya sa nake ce maka ka fara da kayan da idonka zai gani, hancinka ya sansana, ƙafarka kuma za ta iya kai ka wurin mai yin su in sun ɓaci. Gora a birnin Yiwu na Sin, ma'ajiya a Amurka, kai a Domayo, cinikin biri a sama ke nan. Kana zaune a garin fata, ɗana. Mutane daga Duwala da Yawunde suke zuwa Marwa neman takalma da jakunkuna, ga majema, ga cibiyar masu sana'ar hannu a jikin babbar kasuwa. Kuma kowa ya san kukan masu saye: fata na wari in damina ta shigo, rini na zuba a farar riga, takalmi lamba 42 na yau ba ɗaya yake da na jiya ba, zif na mutuwa cikin wata. Duk wanda ya tsaya ya magance waɗannan huɗun, ya samu abin da zai ɗora wa suna. Ware sefa 100,000. Nemi baduku ɗaya mai haƙuri, ku zauna kan samfuri ɗaya tak, a ce takalmin maza na zuwa masallaci, ku yanka ma'aunin kowace lamba a kwali mai kauri ya zauna a wurinsa. Sa maƙeri ya yi maka ɗan tambarin ƙarfe da za a ɗumama a danna a fata. Ƙafa ashirin sun isa farko. Kowane takalmi ka goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in ya kama launi ka maida. Ka ɗauki hoto da hantsi a inuwa, kan farin zane, kada ka ƙara masa kyan da ba shi da shi.

Kasuwar kuwa tana aljihunka. Jumia ta rufe harkarta a Kamaru tun Nuwamban 2019, don haka cinikin intanet a wurinmu ya fi tafiya ta WhatsApp da Facebook da TikTok, kuɗi ta Orange Money ko MoMo, kaya ta ajans. Ka sa kuɗin cirewa da na aike cikin farashi tun farko, har da harajin nan na kashi 0.2 cikin ɗari da aka ɗora wa aika kuɗi da cirewa tun 2022. A cikin gari kuma moton da ka so sayarwa shi ne mai kai maka kaya, da rana yana ciyar da kai. In ka juya kaya sau uku, ka ga waɗanda suka saya suna dawowa ko suna turo 'yan'uwansu, sai ka je ofishin CFCE ka yi rajistar kasuwanci ka karɓi lambar haraji. Tun 2016 jarin sefa 100,000 ya isa a kafa ƙaramin kamfani na SARL, amma kai rajista da sunanka ma ta wadatar a yanzu.

In kuwa zuciyarka ta kafe kan goran, to masu bukatarsa suna nan kusa da kai, ba sai Amurka ba. Ka tambayi abokan aikinka 'yan moto nawa suke kashewa kan ruwan sanyi daga Maris zuwa Mayu. Nemi samfuri daga masana'antu uku, ka biya kuɗinsu ba tare da jin ciwo ba. Ka cika kowanne da ƙanƙara bayan asuba, ka ɗaure a moto, ka buɗe da la'asar, wanda ya riƙe sanyi shi ne naka. Ka biya ta cikin Alibaba ƙarƙashin kariyar da suke kira Trade Assurance, ko da mai kayan ya yi maka alkawarin ragi in ka tura kai tsaye. Al'adar cinikin ita ce ka ba da kashi 30 kafin aiki, sauran 70 bayan an duba kaya, kuma akwai 'yan'uwanmu mazauna birnin Gwanzu na Sin da ke zuwa dubawa a biya su lada. Kada ka manta da duwan, wato kwastan: kayan da aka gama ƙerawa kan faɗa rukunin harajin kashi 30, a kan wannan kuma a ɗora harajin ciniki na TVA, kashi 19.25, wato kayan 100 sun zama wajen 155 kafin ƙananan kuɗaɗe da motar da za ta hauro da su daga Duwala. Masu haɗa kaya a kwantena ɗaya sukan yanka farashi har da duwan. Ka sa su rubuta maka haka.

Saura maganar Baba. Ka same shi bayan isha'i, ka kai masa takardar lissafin nan. Kasuwancin da aka ɓoye wa mahaifi, ranar da ya girgiza ba ka da kafaɗar da za ka jingina.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai shago ne a Ngaundere. Zuciyata ba ta kwanta da wannan harka ba. Mutum bai yi sabulu ba, bai san yadda ake yi ba, ya rubuta sunansa a kai. Wannan ba yaudara ba ce a Musulunci?

AMSA: Malam, na ji daɗin tambayar nan, ni ma ta taɓa hana ni barci har na kai ta gaban malamin unguwarmu. Ni ba mai fatawa ba ce, abin da na fahimta zan faɗa, ka ƙara da tambayar naka malamin. Sa mai sana'a ya yi maka abu bisa siffar da kuka yarda sananne ne a fiƙihu, ana ce masa istisna'i. Biyan kuɗi kafin kaya su zo shi ma an san shi, shi ne salam, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shardanta masa sanannen mudu, sanannen awo da sanannen lokaci. Suna a jikin kaya ba cewa yake yi "da hannuna na yi" ba, cewa yake yi "ni na tsaya wa wannan".

Inda yaudara take shigowa daban ne, kuma muna ganinta kullum. Sabulun da aka dafa a bayan gida a rubuta masa "an yi a Faransa". Man da aka haɗa da rabin man gyaɗa a ce zalla ne. Roba mai gram 200 a rubuta 250. Ko a kwaikwayi launi da rubutun wani wanda ya sha wahala ya yi suna, don mai saye ya ɗauka nasa ne. Ka tuna hadisin tarin abincin nan da Manzon Allah ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. A intanet mai saye ba shi da hannun da zai cusa, hoto kawai yake gani, don haka nauyin da ke kanmu ya fi na mai rumfa.

TAMBAYA: Yaya, ina gaisuwa daga Njamena. Ni da mahaifiyata muna haɗa garin shebe da man karkar na gyaran gashi, a wurin kakata muka gada. Akwai wata baiwar Allah mazauniyar Turai da ke aiko a saya mata kilo 50 a lokaci guda. Kwanan nan 'yar yayata ta nuna mini a waya: garinmu ne a 'yar ƙaramar kwalba, da sunan matar, kuɗin kwalbar ɗaya ya fi abin da take biyanmu na kilo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina so in yi nawa sunan. Sannan wata maƙwabciya ta fara amfani da sunan da nake sa wa a Facebook. Me zan yi?

AMSA: Ƙanwata, ɓacin ranki na kan hanya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ke ce masana'antar da ɗan Marwa ke shirin tafiya Sin nema, ga ki a bakin Shari. Shebe ya fito daga duwatsun Gera na Chadi, matan Chadi suka san yadda ake soya ƙwayar, a daka, a haɗa da kanumfari da mahalab, yau kuma ana sayar da shi a Amurka da Faransa da sunayen mutanen da ba su taɓa shaƙar hayaƙin suyarsa ba. Haka ake yi wa ƙaronmu da riɗinmu, su fita a buhu ba suna.

Duk da haka kada ki yi faɗa da matar. Ba sata ta yi ba, saye ta yi ta biya, kuma tsakanin kuɗin kilonki da na kwalbarta akwai jirgin sama, da kwalba, da talla, da takardun hukuma. A Tarayyar Turai dokar kayan kwalliya mai lamba 1223 ta 2009 ta wajabta a samu wani mazaunin can da zai ɗauki alhakin kayan, a yi musu rahoton gwajin lafiya, a sanar da hukuma kafin a sayar. Amurka ma ta tsaurara tata dokar a ƙarshen 2022. Ita ke ɗauke da wannan nauyi. Abin da za ki yi shi ne ki ƙara kuɗin kilo, tun da yanzu kin san darajarsa, ki nemi rabin kuɗi kafin ki kunna wuta, sirrin haɗin kakarki kuma ya tsaya tsakaninki da Inna. Kuɗin sarin nan shi zai ɗauki nauyin kwalaben da za su fito da sunanki.

Maganar suna ita ce ta gaggawa. Chadi da Kamaru duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai rajistar sunayen kaya, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne, har da Nijar, Binin, Togo, Senegal da Gabon. Rajista ɗaya tana kare sunanki a cikinsu duka har shekara 10, kuma ana sabuntawa. Ba sai kin je Yawunde ba, akwai ofishin hulɗa da ƙungiyar a ma'aikatar da ke kula da kasuwanci da masana'antu a nan Njamena, kayan gashi kuma suna rukuni na 3 a tsarin rajistar. Ƙa'idarsu ita ce wanda ya riga shigar da takarda shi ke da suna. In maƙwabciyarki ta riga ki, sai ki koma kina shari'a a kan abin da ke naki. Kuɗin ya kai ɗaruruwan dubban sefa, na sani da nauyi, ni ma sai da na yi adashi na biya nawa. Ki lura da abu biyu. Najeriya ba ta cikin OAPI, ranar da kayanki suka kama hanyar Maiduguri da Kano sai an yi wata rajistar a Abuja, haka ma Faransa da Amurka kowace da tata. Sannan kalmar "shebe" ita kaɗai ba za a ba ki ba, sunan abu ne na kowa, sai kin haɗa da wani suna naki na daban. Kafin takarda, ki je gidan maƙwabciyar tare da wata dattijuwa ku yi magana. Sau da yawa a nan ake gamawa.

Akwai wata hanya da nake fata matan shebe su duba a ƙungiyance. A 2013 OAPI ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajistar asalin wuri, yadda ba mai sa wa kayansa waɗannan sunaye sai ya fito daga can kuma ya bi ƙa'idar yinsa. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun bi baya. Wannan ba aikin mace ɗaya ba ne, amma wata ce ke fara kiran taro.

Kasuwarki ta farko ba Turai ba ce. Ki haye gadar Ngeli ki shiga Kusiri, daga nan Marwa, Garwa, Yawunde, Duwala, duk kuɗinmu ɗaya, ba canji, kuma matan Kudu suna neman shebe na gaskiya suna kokawa da wanda aka cika da yashi. Sayi sikeli mai lamba, ki daina awo da kofi. Rubuta haɗin a littafi da gram, yadda na watan Rajab zai zo daidai da na watan Shawwal, domin macen da ta dawo saye abin da ta sani take nema. Ki tankaɗe da rariya mai laushi, ki tabbatar garin ya huce ya bushe kafin ki rufe, danshi kaɗan ke kawo fumfuna. A jikin etiket ki sa abin da ke ciki, nauyi, ranar haɗawa, lambar kashi, yadda ake shafawa, da wayarki, cikin Faransanci da Larabci, in za shi Kamaru ki ƙara Ingilishi. Kada ki rubuta cewa yana maganin sanƙo ko yana tsiro da gashi cikin mako. Faɗi abin da kakarki ta sani, cewa yana riƙe maiƙo yana rage karyewar gashi ga mai naci. Daga kowane kashi ki ajiye kwalba ɗaya a rufe da kwanan wata, ranar da wata ta kira ta ce ya yi mata ƙaiƙayi, kina da abin dubawa.

Sunan kuma kafin ki kashe masa ko sefa ɗaya, ki kira mutum uku a waya, Bahaushiya da Bashuwa da wata 'yar Kudu, ki faɗa musu sau ɗaya ki ce su rubuto miki. In rubutun uku ya zo iri ɗaya, ki kai shi rajista. In kashin farko ya fito, ki sako mini kwalba ɗaya a ajans zuwa Garwa ta hannun ofishin mujalla, kuɗin aike a kaina. Ina da 'yan mata biyu a gida, za mu yi kitso da shi wata guda, in rubuto miki abin da muka gani.